Kwanson Harsashin Inna Falmata

Ranar Juma'ar ƙarshen watan Satumba na 1979, saura kwana uku sojoji su miƙa mulki, Baba ya shigo gidanmu da ke Koki ko takalmi bai cire ba. Ina da shekara tara, ina tsugune bakin rijiya ina wanke tukwane da toka. Ya ce an faɗa a kasuwa cewa kafin sojoji su koma bariki za su bi gida-gida neman kayan yaƙi, wanda aka kama da ko da harsashi ɗaya ne ya shiga uku. Ba wanda ya ji wannan a rediyo, amma unguwa ta ɗauka. Maƙwabcinmu har adda ya binne a gindin dalbejiya.

Mu kuwa abin da muke da shi kwanson harsashi ne guda ɗaya, na kakata Inna Falmata, mahaifiyar Baba. Ƙanin Baba, Baffa Modu, shi ya kawo mata lokacin da ya zo hutu daga fagen daga a yaƙin basasa, ya koma, bai sake dawowa ba. A ciki take zuba kwallinta, ta toshe bakin da auduga, kullum tana goge shi da lemon tsami har yana ɗaukar ido. Baba ya durƙusa ya roƙe ta ta ba shi ya jefar. Ta ce, "Sai dai su tafi da ni da shi."

Na kasa zama. Na shiga ɗaki na fito, na ƙone hannu a murhu, na leƙa zaure ya fi sau goma ko zan hango motar soja. Daga ƙarshe na ruga wurin Malam Habu, mai koya mana Larabci, na tambaye shi ko kwanso ma harsashi ne. Malam ba ya sauri ko gobara ake yi. Sai da ya gama feƙe alƙalaminsa sannan ya ce kalmar daga Larabawa muka aro ta, su "rasas" suke cewa, ma'anarta dalma, wato ɗan ƙarfen nan mai nauyi da ke fita ya yi kisa. Abin da ya rage a baya tagulla ce kawai, ba ta fi murfin buta haɗari ba.

Na taho a guje ina maimaita maganar don kar ta zube. Ina shiga na tarar Inna Falmata zaune bakin ƙofarta, tafin hannunta baƙi ƙirin da kwalli. Ashe da ta tayar da sallah Baba ya ɗauke kwanson, ya juye mata kwallin a kan faifai, ya je ya wurga shi a kududdufin bayan unguwa. Na faɗi abin da Malam ya ce duk da haka, ina haki. Baba ya sunkuyar da kai. Na ji haushinsa ranar, na fi jin haushin Malam da alƙalaminsa.

Soja ko ɗaya bai taka lungunmu ba. Inna Falmata ta ƙara shekara huɗu a duniya, ban taɓa jin ta ɗaga wa Baba maganar ba, shi ma bai yarda sun haɗa ido sosai ba.

Yanzu an cike kududdufin an yi shaguna a kai, jikokina kuma sun san sunayen bindigogi daga waya fiye da yadda na san sunayen maƙwabtana. In na bi ta wurin nakan rage tafiya. Abin da ya rage na Baffa Modu yana ƙarƙashin simintin wani mai sayar da katin waya, shi bai ma sani ba.