Ranar da Ƙwan Kifin Modu Ya Shiga Kulle

Duk wanda ya tashi a gindin Dala ya san Modu Mai Ƙwan Kifi, ko da yake bawan Allahn nan bai taɓa sayar da ko tarwaɗa ɗaya ba. Babarbare ne gaba da baya. Kakansa ya zo daga Barno da jakunan kanwa, ya ga Kano ta yi masa, ya kwance kaya. Modu ya gaji tsagar gidansu, ya gaji harshen da ke bambance gishiri da gishiri, ya kuma gaji imanin cewa babu abin da ya gagari kanwa in ban da mutuwa.

Kasuwa ba ta karɓe shi ba, don yakan tsaya hira har mai ciniki ya gaji ya wuce. Sai ya sami aiki a wani kamfanin matsar gyaɗa a bayan ganuwa. Injin wurin da tururi yake tafiya, ruwan rijiyarsu kuwa zartsi ne, ko sabulu ba ya kumfa a ciki. In aka dafa shi, sai ya bar farin alli a jikin tukunyar tururi, allin nan kuma in ya yi kauri tukunya na iya fashewa. Don haka Baturen injin, wanda ake kira Mai Lofe, ya kafa wata doguwar randar ƙarfe cike da 'yan ƙwayoyi masu launin zuma, kamar ƙwan kifi. Ruwa ya bi ta cikinsu, su kama allin, ya fita da laushi. In sun gaji a ba su ruwan gishiri, su saki abin da suka kama. Aikin Modu ke nan. Kowace safiya kuma ya ɗiga sabulu a kwalbar ruwa ya girgiza. In kumfa ta tsaya, lafiya lau.

Shekara uku kumfarsa ba ta kwanta ba. Har tafiyarsa ta sake.

A daminar 1956 ruwa ya cinye hanyar jirgi, gishirin Turawa bai iso ba. Mai Lofe ya tafi Zariya neman labarin kaya, ya ce kwana huɗu zai yi, a lallaɓa da ruwan da ke ajiye a tanki. Modu ya dubi ƙwayoyinsa sun gaji, tausayi ya kama shi. Ya ce a ransa, wake ma da taurin kansa kanwa ke ladabtar da shi, balle ruwa. Ya jiƙa kanwa ungurnu mai kyau, ta Barno, ya ɗura musu.

Kafin azahar randa ta toshe. Da aka buɗe, ga ƙwayoyi sun yi fari fat, sun dunƙule kamar an kwaɓa su da farar ƙasa.

Salihu mai hura wutar tukunya, Bafillatani, abokin wasansa, ya leƙa ya riƙe baki.

"Kai bawana, ɗanwake ka yi wa Bature?"

"Rufe min baki, ɗan bin shanu."

"Na rufe. Amma ruwan tanki na kwana uku ne. In ya ƙare zan kashe wuta, ba zan mutu saboda kanwar kakanka ba."

Modu ya san sauran. In wuta ta mutu, injin ya tsaya, shi kuma ya koma Dala ba aiki, da sunan da zai bi shi har kabari. Ya ƙulle ƙwayoyi kaɗan a bakin rawani ya nufi gida, yau ba taƙama.

Matarsa Kaltume ta zube su a tafin hannu, ta murza, ta ɗanɗana.

"Malam, kanwa ce ta yi yawa. Wannan ne ya hana ka cin tuwo?"

"Ke, kayan Ingila ne fa!"

"Ko na Istambul ne. In kanwa ta zarce a miya, me ake yi? A sa tsami. In tsakuwa ta shiga gero, me ake yi? A rege. Ɗauko min ƙwarya."

Ta zuba ruwan tsamin da ta ajiye don kunu. Ƙwayoyi suka yi ta 'yan tafasa ba wuta. Ta juya ƙwarya a hankali, ta tsiyaye farin ruwa, ta sake, ta sake. Sai ga launin zuma ya dawo. Modu ya yi hamdala har sau uku, sa'an nan ya tuna abin da ke randa ya kai buhu shida, Kaltume kuwa tana kulle, ko ƙofar gida ba ta leƙawa.

Da ya faɗa mata, sai ta ce, "To, in amarya ba ta hau doki ba, ai ba a hana a kawo mata lefe. Kawo su nan."

Washegari da hantsi mutanen unguwa suka ga jakuna uku sun tsaya a ƙofar gidan Modu. Aka yi ta aika wa maƙwabta, duk mai ruwan tsami ta taimaka. A ranar babu gidan da ya sha kunu a lungun. Mata tara suka zauna a tsakar gida da ƙore, suna rege kayan Ingila, suna yi wa mai gidan waƙar shaguɓe. Shi kuwa yana zaure, tunda matan mutane na ciki, yana ɗaga murya:

"A yi a hankali! Kada ƙwaya ɗaya ta faɗi, kaji su tsince!"

Kaltume ta amsa daga ciki, "Malam, wanda ya ɓata miya ba ya koya wa mai gyara. Tafi ka nemo musu gishirinsu."

Nan gadonsa ya yi rana. Ya shiga kasuwar Kurmi yana lasar gishiri iri-iri. Ya lasa mangul ya tofar, ya lasa kantu ya ce akwai kanwa a bayansa, shi kuwa yanzu ko sunanta ba ya son ji. Da ya lasa gallo, gishirin dutsen nan na Sahara, sai ya lumshe ido. Ya jiƙa shi, ya bar shi ya kwanta, ya tace da sabon farin ƙyalle.

Ran kwana na uku aka mayar da ƙwayoyi randa, aka ba su ruwan gallo, aka ɗauraye. Ruwan tanki saura taƙi ɗaya. Salihu na tsaye da shebur, leburori sun kewaye. Modu ya tara kwalba, ya ɗiga sabulu, ya yi bisimilla, ya girgiza. Kumfa ta tashi har wuya, ta tsaya cak kamar rawanin alƙali.

Salihu ya ce, "Allahu Akbar! Yau Babarbare ya yi abin kai."

Ya juya ya ƙara wa wuta gawayi.

Da Mai Lofe ya dawo hannu wofi, ya tarar injin na ruri. Modu bai ɓoye komai ba, har da kanwar. Bature ya girgiza kwalba da kansa sau biyu, ya shinshina randa, ya tambaya me ya sa take ƙanshin kunu. Da aka bayyana masa, sai ya cire lofe daga baki, abin da ba a taɓa gani ba, ya ce a gai da injiniyar Dala.

Modu ya ƙara shekara goma sha ɗaya a bakin randar nan. Har ya tsufa yana ba da labarin a zaure, kullum jakuna na ƙaruwa, sun kai goma sha biyu kafin ya rasu. Amma duk sa'ad da ya zo wurin "sai na yi dabara," akan ji tarin Kaltume daga cikin gida. Sai ya gyara zama ya ce, "Wato, sai muka yi dabara."