Jaridar Saja

Yana ɗan shekara ashirin da biyu aka ɗauke shi soja. Ba jarumta ce ta kai shi ba. Layi ya gani a bakin wani ofishi, ya tambaya aka ce ma'aikata ake ɗauka, sai ya bi. Wata uku ana koya musu maci da harbi, yaƙi ya ɓarke, aka loda su a mota kamar buhunan gishiri aka nufi fagen daga da su.

Da yake ya taɓa makaranta kuma rubutunsa na da kyau, sai aka naɗa shi akawu. Duk bayan an gwabza, shi ne mai bin gawawwaki ɗaya bayan ɗaya, ya duba lambar da ke wuyan kowa, ya rubuta suna a littafi. Ranar farko ya yi amai. Daga nan bai ƙara jin komai ba. Shekara uku ya yi yana wannan aiki, ya dawo gida da igiya uku a hannun riga da kunne ɗaya da ƙarar igwa ta kashe. Ainihin sunansa ya ɓace, kowa sai Saja.

Aikin gadi ya fara samu a wata ƙaramar maɗaba'a da ke bayan tasha, inda ake buga rasidi da katin gayyata. Mai wurin tsoho ne, ido ya fara yi masa gardama, sai ya riƙa miƙa wa Saja takarda ya duba masa kuskure kafin a ɗora a inji. Da tsohon ya gaji ya ce zai huta, Saja ya kwashi kuɗin sallamarsa ya sayi wurin, da injin, da akwatunan baƙaƙen dalma, har da kujerar da ƙafarta ɗaya ke ɗingishi.

A nan ya fara jarida. Shafi huɗu ce, sau ɗaya a mako: farashin kaya a kasuwa, gadar da ruwa ya cinye, wanda aka haifa, cigiyar akuya, sai shafin ƙarshe na rasuwa. Mutanen gari kan yi masa ba'a su ce ko gobara Saja ya rubuta sai ka rantse farashin albasa kake karantawa. Amma suna saye, domin bai taɓa ƙara gishiri ba, bai kuma taɓa ɓata sunan kowa ba.

Matarsa tela ce, kekenta na ɗakin baya. Ranar da jarida za ta fito takan ajiye ɗinki ta zo ta taya shi ninkewa, 'yarsu ɗaya tilo tana goye. Idan ƙawayenta suka tambaye ta yadda take zama da mutumin da ba ya dariya ba ya fushi, sai ta ce, "Bango na aura. Ba ya magana, amma ina jingina."

A shekara ta shida da fara jaridar, wata tsohuwa ta shigo da hoto a ƙulle cikin tsumma. Ɗanta ne, soja, ana ce masa Bahago, ya tafi yaƙi bai dawo ba, ba a kuma aiko mata da komai ba. Cigiya take so a buga. Saja ya kalli hoton sau ɗaya ya gane shi. Shi da hannunsa ya juya gawar a bakin wani kogi, ya rubuta sunan. Ya jawo takarda ya rubuta cigiyar, ya buga.

Da shekara ta zagayo ta dawo, ya sake bugawa. Haka har sau huɗu.

A karo na huɗun ne matarsa, tana cikin ninkewa, ta tsaya a kan hoton, ta ɗago ta dube shi.

"Maigida, ka san yaron nan."

"Na san shi."

"Yana raye?"

"A'a."

"Shi ne kake buga cigiyarsa?"

"Ta ce in buga."

Ta ajiye jaridar ta koma kan kekenta. Ranar shi kaɗai ya ninke kwafi ɗari uku. Da ya gama ya wanke tawadar hannunsa da kananzir, ya tambayi hanyar gidan tsohuwar.

Ɗaki ɗaya ne, da gado, da randa, da jaridu uku a jere a kan akwati an danne su da dutse. Ya gaishe ta ya zauna a bakin ƙofa, ya juyo mata kunnensa mai ji.

"Inna, ɗanki ya rasu. Ni na rubuta sunansa."

Ta dube shi. Sannan ta ce, "Ai na sani, ɗan nan. Ranar da na fara zuwa wurinka, ka rubuta cikakken sunansa ban faɗa maka ba. Jira nake wani ya gaya mini da baki." Ta gyara zama. "Ya sha wuya?"

"Ban sani ba. Bayan an gama nake zuwa."

"To me ka gani?"

"Yana kwance ta gefen dama. Idonsa a rufe. Takalminsa ɗaya babu."

Sai ta fara kuka, a hankali, tana cewa takalmi, takalmi. Saja ya zauna yana kallon tururuwa na bin gindin bango, yana jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Bai motsa ba. Da ta yi shiru ya yi mata sallama. Mako na gaba sunan Bahago ya fito a shafin rasuwa.

Labari ya bazu. Mutane suka fara zuwa daga ƙauyuka, wannan da hoton yaya, wannan da na miji. Ashe sunayen duk suna kansa, da wurin da ya samu kowa. Wanda ya sani ya faɗa, ya buga. Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba. Ya sayo benci ya ajiye a gefen inji, da butar ruwa, saboda masu kuka. In suka fara, yakan kashe injin har su gama, sannan ya tayar.

Shekara talatin da ɗaya jaridar ta yi tana fita. A cikin ta ashirin da takwas matarsa ta kwanta ciwo na mako biyu, ta rasu. Kwana uku da binne ta ya buɗe shago ya haɗa sanarwar da kansa. 'Yarsa, wadda a lokacin ta zama malamar makaranta da 'ya'yanta, ta karanta a tsaye.

"Baba, layi uku? Shekara talatin da biyar, layi uku?"

Ya karɓi takardar ya sake dubawa. "Akwai kuskure ne?"

Ta juya ta fita. Wata biyu ba ta taka wurin ba, sai kuma ta dawo ta ci gaba da kawo masa abinci, ba wanda ya sake tayar da zancen.

Bayan haka waya ta cika hannun kowa. Kafin Saja ya haɗa labari, gari ya riga ya ji ya manta. Kwafi ɗari uku suka koma tamanin, suka koma ashirin. Wata safiya ya zo ɗaukar baƙi daga akwati, yatsunsa suka ƙi kamawa. Ya gwada sau uku, sannan ya rufe akwatin.

Masu sayen tsohon ƙarfe ne suka zo ɗaukar injin. Injin ya ƙi fita ta ƙofa, dole aka fasa bango. Saja ya tsaya cikin ƙura yana nuna musu inda za su kama kada su ji ciwo a baya. Da motarsu ta tafi, 'yarsa ta riƙe masa jaka suka nufi gidanta, inda ta share masa ɗaki.

Da suka isa ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa.

"Baba, kana jin yunwa?"

Ya yi ɗan tunani.

"Ban sani ba," ya ce. "Zuba dai."