Langar Da Ta Je Oslo

Idan ka shiga sakandaren da Tabita Iliya ke koyarwa a Tarauni ka ce kana neman Malama Tabita, sai an tsaya tambayarka wacce. Amma ka ce 'Yar Oslo, ko mai gadi zai nuna maka ajinta. Ni na laƙaba mata sunan, kuma har yau ban yi nadama ba.

Sunana Husaina. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Gyaɗi-Gyaɗi. Babanta, Malam Iliya, mutumin Kagoro ne, aikin gwamnati ya kawo shi Kano. Tsakanin Maman Tabita da mahaifiyata, Hajiya Maimuna, akwai wata langa, irin kwanon nan mai murfi da zanen jan fure, bakinta duk ya ɗaɗɗaye. Tun kafin a haife mu take kai da kawowa. Da Kirsimeti ta zo mana da shinkafa da kazar da Babanmu ya yanka musu, da Sallah ta koma da tuwo da nama. Ba wanda ya tuna wa ya saye ta. Ƙa'idarta biyu ce: ba ta komawa wayam, kuma ba a aikawa a karɓo ta.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, Turawa suka tuna cewa muna da ɗalibai. Jami'a ta zaɓi Tabita cikin shirin musayar ɗalibai, za ta yi shekara a Oslo, babban birnin Norway. Ranar tafiya Hajiya ta cika langa da alkaki ta aika. Ana ta rungume-rungume, direba yana ta danna oda, sai Maman Tabita ta cusa langar a akwati da alkakin da komai.

Tabita irin mutanen nan ce da ko akuya ta gifta sai ta yi mata sannu. To, ga ta a garin da ake cika mota a yi tsit kamar gidan makoki. Ta gaida mutum a tasha, ya waiga ya ga ko da wani take. Rana kuma tun kafin la'asar ta tattara nata ya nata. Abinci burodi da safe, burodi da rana, da wani cuku mai ruwan ƙasa da ta rantse mini ɗanɗanon alewar madara gare shi. Karatu dai ba ta da matsala da shi. Kaɗaici ne ya so ya kayar da ita.

Ƙofar da ke kallon tata a benen da aka ba ta ɗaki ta wata tsohuwa ce, Madam Astrid. Mijinta ya rasu, ɗanta kuwa sai ya bugo waya an sa rana kafin ya zo. Tabita ta sa mata suna Kaka. Da Kirsimeti ya zo, hannunta ya yi abin da ya saba: ta dafa shinkafa dafa-duka, ta cika langa, ta ƙwanƙwasa. Tsohuwa ta karɓa, ta yi ta godiya. Tabita ta koma ɗaki ta zauna jiran langa.

Shiru. Wata rana tana dawowa daga makaranta ta ɗaga kai, sai ga langar iyayenmu a tagar Kaka, an cika ta da ƙasa an dasa fure, murfin kuma an sa shi a ƙasa yana tare ruwa.

'Yar Gyaɗi-Gyaɗi ba ta iya buɗe baki ta ce a ba ta kwanonta. Sai ta koma hannunka-mai-sanda.

"Kaka, yaya shinkafar nan kuwa?"

"Ta yi daɗi ƙwarai! Kwanon ma ya fi ta kyau."

Ta sake kai abinci a farantin ɗakinta ko tsohuwa za ta gane. Shi ma farantin bai dawo ba.

A nan gida kuwa abin ya daina zama na dariya. Rikici ya ɓarke a Kaduna, iskarsa ta iso Kano. Maƙwabtan da suka shekara suna cin abinci tare suka fara gaisawa a tsaitsaye. Malam Iliya ya fara ɗaure littattafansa a kwali, yana maganar komawa Kafanchan, can kusa da garinsu. Mata a unguwa suka ce wa Hajiya, "Ba ki lura ba? Ko langar sun riƙe. Tafiya za su yi." An gaya mata langar tana wajen Tabita a Turai, amma ta ɗauka kara ce kawai ake yi mata. Da Babbar Sallah Hajiya ta ƙulla naman layya a leda ta ce in kai musu. A leda! Na ji kunya, na kuma ji tsoro, don ban taɓa ganin fuskar Maman Tabita ta canza haka ba.

Washegari Maman Tabita ta je shagon buga waya. Magana ɗaya ta yi wa 'yarta: "Ko digirin ki bar shi a can, amma ki zo mini da langar nan."

Tabita ta ɗaura ɗankwali ta ƙwanƙwasa ƙofar Kaka. Ta gaishe ta, ta tambayi ƙafa, ta tambayi ɗa, ta tambayi kyanwa. Da tambayoyi suka ƙare, ta runtse ido ta faɗi abin da ya kawo ta, da yadda ake yi a gida.

Tsohuwa ta ce, "Wato da na mayar da shi da abinci, da kin sake kawowa?"

"Ƙwarai, Kaka."

"Ni ma in sake mayarwa?"

"Haka ake yi. Ba ya ƙarewa."

Sai tsohuwa ta nemi kujera ta zauna. Ta ce ita ta sa shi a taga ne don Tabita ta riƙa gani ta san an gode. Ta share ido ta ce, "Ashe duk sanyin nan ni na hana kaina baƙuwa."

A ranar aka yi wa fure sabon gida. Watannin da suka rage langa ba ta huta ba: ta tafi da dafa-duka, ta dawo da kifi da dankali. Tabita ta ce kifin ba gishiri ba yaji, amma ba ta taɓa barin ko ƙaya ba.

Da damina Tabita ta sauka Kano. Ko takalmi ba ta cire ba, Maman Tabita ta zare langa daga akwati, cike da biskit ɗin da Kaka ta gasa, ta ɗauko da kanta zuwa gidanmu. Hajiya na kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta kalli langa, ta shafa bakin nan da ya ɗaye, ta gutsuri biskit.

"Wannan baiwar Allah ba ta san sukari ba," in ji ta. Sai ga hawaye.

Tabita ta kai shekara ashirin tana koyarwa yanzu, kuma ɗalibanta sun ce ba a gama zango ba tare da ta ba su labarin Oslo ba. Amma ni abin da nake tunawa shi ne safiyar da ta biyo bayan dawowar langar. Hajiya ta cika langa da waina har murfi ya ƙi rufuwa, ta miƙo mini.

"Kai musu. Ki ce wa Malam Iliya ya kwance kwalayen nan. Langar ta je Turai ta dawo, na haƙura, amma ni ba ni da mai kai mini ita Kafanchan."