Sa Hannuna a Cikin Kwalin Hita

Shekara biyar da rabi na yi ina aiki a wani ƙaramin kamfani a unguwar Cheetham Hill ta birnin Manchester, a ofis ɗin da aka yanka da katako a saman sito. Kayan lantarki muke shigowa da su daga ƙetare, mu manna musu sunanmu: butar shayi, dutsen guga, fanka, hitar ɗumama ɗaki. Da yake sunanmu ne a jiki, a idon doka mu muka ƙera su. Kafin a saka tambarin CE na shaidar inganci a kan irin waɗannan kaya, babu wani jami'i da zai zo ya duba. Kamfani ne zai rubuta takarda shafi ɗaya ya ce kayansa sun cika sharuɗɗan kariya, wani ya sa hannu. A wurinmu ni ce wanin.

Na gama digiri na biyu a injiniyan lantarki lokacin da gwamnati ke ta zaftare kuɗin komai. Council, wato hukumar birni, na sallamar ma'aikata, kamfanoni sun daina ɗauka. Wata bakwai ina neman aiki kafin mai kamfanin nan ya yarda ya tsaya mini a biza. Mijina da 'yarmu duk a kan bizata suke zaune. Idan aikin ya tafi, sai mu tattara.

A kakar shekarata ta biyu aka kawo kwantenar hita, ƙananan nan masu fanka a ciki. Kuɗin gas ya yi tsada, mutane na kashe ɗumin gida gaba ɗaya su kunna ƙarama a ɗaki ɗaya, saboda haka ana rububinsu. Na ɗauko ɗaya kamar yadda na saba, na kwance bayanta. A samfurin da aka gwada mana a baya akwai wani ɗan fis da ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima. A wannan babu shi. An haɗe wayar kai tsaye. Na kwance ta biyu, ta uku, har goma sha biyu daga kwalaye daban-daban. Duk haka.

Na fita bayan sito na kunna ɗaya a kan siminti, na yafa mata tsohon tawul. Ban gama kirga minti huɗu ba robar ta fara narkewa, tawul ɗin ya yi baƙi yana hayaƙi.

Na kai wa mai kamfanin ita a haka. Mutum ne mai fara'a, kullum sai ya tambayi lafiyar 'yata. Ya juya ta a hannu ya ajiye.

"Wa zai rufe hita da tawul?" in ji shi. "An rubuta a jiki kar a rufe."

Na ce masa tsohuwa za ta shanya safa a kai, yaro zai jefa bargo.

"Muna da takardar gwaji."

"Ta wancan samfurin ce, ba wannan ba."

Ya ce a hankali, "Kin san sabunta bizarki na nan tafe a watan Maris. Ina son in yi miki. Ki taimake ni in taimake ki."

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham wurin yayana, ɗan wan mahaifina, wanda ya fi shekara goma sha biyar yana aikin injiniya a masana'antar kayan mota. Matarsa ta zuba mini tuwo na kasa ci. Na zayyana masa komai ina jiran ya ce ga hanya.

"Kar ki sa hannu," ya ce.

"To, Yaya, in ya kore ni fa?"

"Kar kuma ki bar aikin. Wa zai ba ki sponsorship na biza a wannan marrar? Mu kanmu rage mutane ake yi."

"Kenan yaya zan yi?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Ki sa shi ya ga gyaran ya fi masa araha a kan rigima. Fis ɗin nan ba tsada gare shi ba. Iyakar abin da na sani kenan, ƙanwata."

Da wannan na koma. Mai kamfanin ya yarda, bisa sharaɗin ba zai ɗauki ko mutum ɗaya don aikin ba. Mako shida na yi a ƙasan sito sanye da rigar sanyi biyu, ni da wata mata mai ɗaure kaya, muna kwance hita, in saka fis, in gwada, ta mayar kwali. Yatsuna suka tsattsage. Da muka gama na rubuta sabuwar takarda na sa hannu da natsuwa, na ɗauka na tsira.

A watan Janairu na je Withington duba wata ɗaliba 'yar garinmu da ta haihu. Ɗakin nata ƙarami ne, da danshi a bango. Kusa da gadon jaririn ga hitarmu tana hurawa, an rataya ƙananan riguna a kujera dab da ita. Na duba lambar da ke ƙasanta. Ba ta cikin waɗanda suka bi ta hannuna.

"Yaushe kika saya?"

"Tun Oktoba, Anti. A wani shago a hanyar uni. Arha gare ta."

Kwalin na saman kabad. A ciki ga kwafin takardar shaida, ga sunana, ga sa hannuna, irin wanda na yi wa butar shayi a bara, har da ɗan karkacewar da biro ya yi. An ɗauko shi an liƙa. Na zare hitar daga soket na ce mata tana da matsala, na sauka na sayo mata wata a babban kanti.

Ranar Litinin na ajiye masa takardar a kan tebur. Bai musa ba. Ya ce kwali ɗari da wani abu ne kawai suka fita kafin in buɗe ta farko, dillalai sun matsa masa. Na ce a sanar a dawo da su. Ya ce ya kira dillalan, sun ce sun sayar. Ya ƙara da cewa, "Duk wanda ya zo bincike, sunan wa zai gani?"

Na nemo lambar wayar sashen council da ke kula da ingancin kaya. Sau biyu na danna ta a tashar bas, sau biyu na katse kafin a ɗauka. Mijina ya ce duk abin da na yanke yana tare da ni, amma na ga yadda yake kallon 'yarmu tana karanta masa littafin makaranta da harshen 'yan Manchester. Ban kira ba. Abin da na yi shi ne bin shaguna duk Asabar, daga Cheetham Hill har Oxford Road, ina juya ƙasan hita ina karanta lamba. Na samo tara, na saye na farfasa. A Birmingham yayana ya samo biyu.

A watan Maris ya sabunta mini biza. Na ci gaba da hawa matattakalar nan kullum, muna gaisawa, yana tambayar 'yata ina cewa lafiya lau. Sai da na samu izinin zama na dindindin sannan na ajiye aikin, na koma wani kamfanin gwajin kaya. Ban taɓa jin labarin gobarar da aka danganta da hitar nan ba. Sauran ban san gidajen da suka shiga ba.