Ranar da na hau dokin soja a Staten Island

Shekarun baya, aka ba 'yata aikin makaranta a kan wani hafsan sojan doki na yaƙin basasar Amurka. Wata guda ba mu da hira a gidanmu na unguwar Morrisania, nan Amurka, sai tasa. Ɗan manomi ne ya shiga soja, aka harbe doki biyu yana kansu, ya dawo yana ɗingishi, ya ƙare da tsaron shago. Na ce, "Ashe jarumin ma a shago ya ƙare kamar ubanki." Ba ta yi dariya ba. Yarinyar nan tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsa mini, kuma in ƙawayenta suna kusa sai ta yi kamar ba ta san ni ba.

Sai makaranta ta kai su tsibirin Staten Island, inda wasu Turawa ke sa kayan sojan da, suna kwaikwayon yaƙin. Aka ce iyaye su raka su, ni ma na bi. Wani mai gashin baki, da takobi a ƙugu, ya jawo doki ya tambaya ko akwai wanda ya iya hawa. Kawai 'yata ta nuna ni. A falonmu akwai hoton mahaifina bisa doki, ita ta ɗauka gado ne. Dokin aro ne, na mai hoto. Ni jaki na sani, shi na kora har na yi gemu.

To, karo na farko ke nan da ta nuna ni a gaban mutane. In ce ban iya ba? Na yi bismillah na ɗare. Jiki da sabo, sai na tsallake sirdi na zauna can baya a kan kuturi, yadda ake zama a jaki, ƙafafu na reto. Na buga dunduniya. Doki ya zabura, na rungume sirdi, hulata ta yi nata wuri, Bature na bin mu da gudu takobi na dukan ƙafarsa.

Cikin ihun yara na ji murya ɗaya: "Wayyo Baba! Riƙe da kyau, kar ka faɗi!"

Da Hausa. A gaban ƙawayenta.

Ƙasar nan ta ci ƙuruciyata, ba ta ba ni abin kirki ba, kuma har gobe bayana na ciwo in sanyi ya shigo. Amma shi hafsan doki biyu ya rasa kafin a san da shi. Ni hula ɗaya na rasa.