Hotunan da Na Bari a Ɗaki

Da zafin bazara kwamfutata ta fara wani irin kuka, ƙyas-ƙyas, kamar ɓera a buhun gero. Ina jin ƙarar nan na tsorata, don na san abin da ke cikinta. Ni mai ɗaukar hoto ce, amma ba irin masu shago a bakin titi ba. Cikin gida nake shiga, inda aka rubuta ba shiga: biki, suna, wankan amarya, daga nan Sabon Garin Jega har Aliero da ƙauyukan Maiyama. Mata sukan ajiye mayafi a gabana, su baje kitso, su yi rawar da ko mazajensu ba su taɓa gani ba, saboda magana ɗaya da nake yi kafin in ɗaga kyamara: ba namijin da zai gani. In na gama, in tura wa kowacce nata a waya, asalin kuma ya zauna a kwamfutar da ke ƙuryar ɗakina, lulluɓe da tsohon zane. Waya kan ɓace, kan faɗa rijiya, yaro kan jefa ta a tukunyar miya. Sai mai ita ta dawo wurina, in sake tura mata.

Na kira ƙanwata, mai karatun kwamfuta a Aliero. Ta zo, ta kasa kunne, ta taɓe baki.

"Yaya, wagga ta kusa mutuwa. Ko dai ki kai ta kasuwa a diba, ko mu kwashe komi mu ɗora bisa intanet."

Kasuwa? In kai sirrin matan mutane wurin samarin nan masu gyara, da ke zaune a jere suna leƙa allon juna? Na ce ko da wasa. Sai ta yi mini bayanin ma'ajiyar da suke kira gajimare: manyan kwamfutoci ne a wata ƙasa, ana ba ka wurinka kai kaɗai. Za mu kulle hotunan tun a nan kafin su tafi, ta yadda ko masu wurin ba su iya buɗewa. Kalmar sirrin doguwa za ta zama, ba sunan ɗana ba, ba shekarar aurena ba. Duk wanda ya so shiga kuma, sai an turo wasu lambobi a wayata. Ta ja mini kunne cewa daga yau ba ni ba kai wayar nan wurin mai caji.

Na yarda da ita, amma na kasa zama. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in ɗora tukunya in manta gishiri. Abin da ke cina shi ne tunanin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ita ce mai ajiyar unguwarmu. Wannan ta kawo awarwaro, waccan ta kawo zanen da ba ta so dangin miji su gani. Shekarar da ɗakinta ya fara yoyo, ba ta motsa ko allura ba sai da ta aika wa kowacce: zan mayar da kayanki ɗakin wance, kin yarda? Ruwa na ɗiga, tana tara kwano tana jiran amsa. Haka na taso na gani. Ba a sauya wa ajiya ɗaki ba da sanin mai ita ba.

Da na faɗa wa ƙanwata, sai ta riƙe kai. "Yaya, gida-gida za ki bi? Kahin ki ƙare ta mutu!"

Gida-gida na bi. Waɗanda ke da waya na kira, waɗanda ba su da ita na hau mashin. Lokacin kwasar albasa ne, hanyar Aliero duk warinta, manyan motoci sun tare titi, ni kuwa ina bayan ɗan kabu-kabu ina cike da haushi, hankalina na can ɗakina. A Kashin Zama wata ta yi dariya har da hawaye, ta ce in kai hotonta ko sama ta bakwai in dai mijinta ba zai ga yadda ta murguɗa ƙugu ba. Wata ta ce in goge nata gaba ɗaya, na goge a ranar. Yawancinsu cewa suka yi, ke kika sani. Duk wadda ta amince, da na dawo gida sai mu kulle nata mu tura. Sabis ya zo, ya ɗauke, ya dawo. Layin da ke nuna tafiyar aikin ya tsaya cak a tsakiya, ni ina zagaye tsakar gida da waya a sama kamar mai korar kaji. In ya kammala, sai mu buɗe daga can mu tabbatar ya isa lafiya. Kwamfutar kuma tana ta ƙyas-ƙyas ɗinta.

Akwai jakar hotuna guda a kwamfutar da na yi ta tsallakewa, ta wani biki a Kuberi. Amaryar yarinya ce mai yawan dariya, ta sa ni gaba da tsokana ranar, wai na cika tsuke fuska kamar malamar asibiti. Wajen haihuwarta ta fari ta rasu, ta bar 'ya mace. Wa zan tambaya? Mijin ya koma wani gari. Sai mahaifiyarta, wadda ke riƙon jaririyar.

Na same ta tana sussukar gero. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni, na bi shi dalla-dalla yadda ƙanwata ta koya mini. Ta ajiye taɓarya.

"Wurin nan da za ki kai ta, ina na?"

"Inna, wata ƙasa ta, nesa. Amma a kulle za ta tahi."

"Wa ka gadin ƙohwar?"

Na ce mutanen wurin.

"Maza na?"

Ban musa ba, don ban iya ƙarya ga mai furfura.

"Ɗiyata, kanta ba kallabi ranar nan, ni nig gani da idona. Tana raye ba ta taɓa wuce Jega ba. Yanzu da tak kwanta, ba ni bari a kai ta inda ban iya zuwa. Bar ta ɗakinki."

Na ce kwamfutar ta kusa mutuwa. Na ce bari in tura mata a wayar wani. Ta girgiza kai, ta ce wayoyin gidan duk na maza ne, ita kuma zuciyarta ba ta kai ga kallo ba tukuna. Na fito raina a ɓace. Na ji haushinta, na ji haushin kaina da na zo tambaya, har da mahaifiyata da ta koya mini wannan hali.

A gida ƙanwata ta ce, "Mu ɗora kawai, wa za shi sani?" Yatsana har ya kai kan jakar. Sai na janye hannu. Na sayi filashi a kasuwa, ɗan abin nan na adana hotuna, na kwafa a ciki, na ƙulle a bakin zane na tura ƙarƙashin kwanukan jere, don dai kada ta bar ɗakin.

Da damina ta sauka, wata safiya na danna kwamfutar ba ta amsa ba. Ko ƙyas ɗin babu. Na ɗauko filashin, muka sa a kwamfutar ƙanwata. Sunayen hotunan na nan a jere, amma ko ɗaya bai buɗu ba. Jabu aka sayar mini. Ƙanwata ta gwada duk abin da ta sani, ta cire cikin tsohuwar kwamfutar da hannunta, ba abin da ya fito. Hotunan kowa suna can lafiya lau, in buɗe su daga wayata duk sa'ad da na so. Na amaryar Kuberi kaɗai ne babu.

Shekaru sun ɗan ja. Ran nan da hantsi na ji sallama, sai ga tsohuwar, riƙe da hannun wata 'yar yarinya mai sabon kitso. Ban ma tambaya ba, bakin uwarta ne sak.

"Ta hwara tambaya," in ji ta. "Kullum sai ta ce yaya innarta take. Nic ce mu zo ki gwada mata."

Na kawo ruwa, na gyara tabarmar da ba ta buƙatar gyara, na shiga ɗaki na fito ba tare da na ɗauko komai ba. Daga ƙarshe na zauna na faɗa mata gaskiya. Ina jiran ta yi kuka, ko ta yi mini faɗa. Da ta yi, da na fi samun sauƙi.

Amma sai ta ce, "Ni nih hana. Ke kin riƙe amana." Ta jawo jikar ta zaunar da ita a gabana. "Ni ranar nan ina wajen tukwane, ban zamna ba. Ke kinka wuni kina kallon ta. To, hwaɗa mata."

Yarinyar ta ɗago kai tana jira. Na yi gyaran murya. Na ce mata innarta shuɗin leshi ta sa, da lalle har gwiwar hannu. Na ce tana da wushirya, in za ta yi dariya sai ta kai hannu ta rufe baki, amma dariyar kan riga hannun fita.

Yarinyar ta kai ɗan yatsa ta taɓa tsakanin haƙoranta na gaba.

"Awa tawa?"

Na ce, "Awa taki, iri ɗaya sak."