Malama Sa'adatu da Direban da Ke Gudun Allura

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana da jikoki. Na ji kun ce ta zo ku ji ta, to ku gyara zama. Sai dai wannan ba ta gizo ba ce. Mai labarin tana nan da ranta a Unguwar Dosa, kuna ma iya cin karo da ita wajen mai kayan miya.

Malama Sa'adatu ke nan, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin unguwarmu, wadda ta ajiye aiki watan jiya bayan shekara talatin da ɗoriya. Kullum ita ke fara isa. Ta share ɗakin allura da kanta, ta wanke hannu, sannan ta fito ta bi benci tana gaishe mu, har da tambayar jikan da ya yi tari bara. Ni ciwon gwiwa ke kai ni, shi ya sa na ga abubuwa da idona.

Abu ɗaya ke ɓata mata rai. Kun san halinmu iyaye mata, yaro na ƙiriniya sai mu ce, "Ka bari ko in kira mai allura." Ranar da ta ji wata ta faɗi haka a kan benci, sai ta tsaya ta ce, "Haba 'yar nan, ni kika mai da dodo? Gobe in zazzaɓi ya kama shi, wurin wa za ki kawo shi?" Kuma ba ta taɓa ce wa yaro ba zafi ba. "Akwai zafi," take cewa, "kamar cizon cinnaka. Kafin ka ce wayyo ya wuce."

To, akwai Malam Inuwa, Bakatsine, direban tirela da ke zaune a Unguwar Sarki, ƙato ne wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Ciwon sukari ya kama shi, gyambo ya fito masa a ƙafar dama, wadda yake taka birki da ita. Likita ya ce ƙwaya ta daina yi masa, sai allura kullum, kuma shi zai riƙa yi wa kansa tunda yana kan hanya. In ba haka ba, ƙafar yankewa za a yi. Inuwa ya ce to, ya fita, ba a sake ganinsa ba sai da matarsa Ladidi ta taso shi a gaba.

"Malama, ga shi nan," in ji Ladidi da ƙarfi. "Mutumin da ke ratsa daji da kaya shi kaɗai, amma ɗan tsinke ya hana shi sukuni."

Benci ya ɗauki dariya.

"Ke Ladidi, ki kiyaye ni," in ji Inuwa, yana share gumi da hula.

Malama ba ta ko murmusa ba. Ta aiki Ladidi bakin titi ta sayo lemon zaƙi, ta karɓa, ta ce ta jira a waje. Sauran labarin daga bakin Inuwa na ji, don yanzu ba ya ɓoye shi. Ya ce ya gaya mata tun yana yaro aka danne shi, maza huɗu, aka soka masa allura, tun daga nan ko warin asibiti ya ji sai ya canza hanya.

"Ni kuma tirela nake tsoro," in ji ta. "In na hango ta, sai ta ɓace nake tsallaka titi. Ranar da ka fara riƙe sitiyari, ya ka ji?"

"Gumi har cikin takalmi, Malama."

"Wa ya tuƙa maka?"

"Ni na tuƙa. Maigidana na gefe."

"To yau ni ce a gefe. Soki lemon nan."

Haka ya yi ta zuwa, ita tana yi masa allurarsa yana runtse ido, shi kuma yana sukar lemo, har hannunsa ya saba. Ranar da zai yi wa kansa ta gaske, ta nuna masa wurin a fatar ciki, ta miƙa masa, sai ta juya ta fuskanci bango.

"Na ba ka baya, Malam Inuwa. Ba mai ganinka sai Allah. In ka fasa, ka dawo gobe, ba wanda zai ji."

Ya ce ya daɗe a tsaye. Ba ta waiga ba, ba ta ce yi sauri ba, ga mutane cike da benci. Can sai ya yi bismilla, ya soka.

"Malama, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Wannan ne ya kusa cinye mini ƙafa?" Ya zauna a kujera, dariya da hawaye suka haɗe masa.

Sa'adatu, ke ce kika san cewa babba ma yana jin tsoro, kunyar faɗa kawai yake ji. Ke ce ba ki danne kowa ba, ba ki yi wa kowa ƙarya ba. Sannu, mai hannun sanyi. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma 'ya'yana, in kun ga mai jin tsoro, kada ku tara masa jama'a. Ku zauna a gefensa har ya yi da hannunsa.

Gyambon Inuwa ya warke, ba a yanke ƙafar ba, yana nan yana jigila tsakanin Kaduna da Funtuwa, allurarsa a ƙaramar kula kusa da kujera. Ladidi ba ta daina tsokanarsa ba. Malama Sa'adatu na gida tana kiwon kaji, kuma har yau sai tirela ta wuce take tsallaka titi.